Kujerar ekonomi: abin da matafiyi daga Agadez zai tarar

Filin jirgin saman Agadez yana ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a 1995. Sai dai yawancin masu fita ƙasashen waje sai sun bi ta Yamai, kimanin kilomita 950 a mota. A filin Diori Hamani suke shiga Ethiopian Airlines, Turkish Airlines ko Royal Air Maroc, galibi a ekonomi, sashen da tikitinsa ya fi araha.

Wurin zama a matse yake: tsakanin kujera da ta gabanta santimita 76 zuwa 81 ne, dogon mutum kuwa gwiwarsa ce ke shan wuya. Abinci yana cikin kuɗin tikiti. Likitoci suna ba da shawarar a riƙa tashi ana takawa, domin dogon zama kan sa jini ya daskare a ƙafa.

Wajen awon kaya aka fi yin gardama. Akwati ɗaya kilo 23 ne, abin da ya haura sai an biya. Kwalbar turare da ta wuce mililita 100 ba ta shiga jakar hannu. Kilishi da cuku kuma, tsarabar da kowa ke so, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da su, jami'an kwastan suna ƙwacewa.