Ƙullutun dubura: ciwon da ake ɗauka basir ne

A cikin dubura, kimanin santimita 2 daga bakinta, akwai wasu 'yan mitsitsin jakunkuna, galibi daga 4 zuwa 10, masu fitar da ruwa mai yauƙi. Idan bakin ɗayansu ya toshe, ruwan kan taru a hankali ya zama ƙullutu mai laushi, wanda sau da yawa ba ya ciwo. Wannan ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ƙwayoyin cuta su shiga jakar, wurin ya yi mugunya da zogi da zazzaɓi. A 1961 Alan Parks, likitan tiyata na Ingila, ya nuna cewa daga waɗannan jakunkuna ne yawancin yoyon dubura ke samo asali. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu irin wannan maruru kan ƙare da yoyon, wato wata siririyar hanya da ke tsiyayar da mugunya ta fata.

Akwai kuma wani nau'in da ake haihuwar mutum da shi, a ɓoye tsakanin ƙarshen hanji da ƙashin baya. Ya fi samun mata, yakan yi shekaru shiru, kuma kaɗan daga cikinsa kan rikiɗe ya zama sankara. Shi ya sa ake cire shi ɗungurungum.

A Kibiya da Rano, kamar sauran ƙasar Hausa, duk abin da ya fito a wannan wuri sunansa basir. Kunya kan hana a nuna wa likita, sai a koma ga mai lasifika a kasuwa, ko wanzami ya yi sakiya. Nan ne haɗarin yake: sakiya na zubar da ruwan, amma jakar tana nan, za ta sake cika. Idan kuma aska ta taɓa naman da ke tsuke dubura, mutum na iya kasa riƙe bayan gida.

Gwajin farko da yatsa ake yin sa, kuma Babban Asibitin Rano ya isa. Ƙullutu mai zurfi yana buƙatar hoton MRI da likitan tiyata, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai ciwon suga da ya ga kumburi tare da zazzaɓi, kada ya bari ya kwana.