Ma'ajiyar wucin gadi

ma'ajiyar wucin gadi (suna, mace, jam'i: ma'ajiyoyin wucin gadi)

1. A fannin kwamfuta, wurin da burauza ke adana kwafin shafuka, hotuna da amsoshin da suka zo daga sabar, a cikin wayar mutum ko kwamfutarsa, domin manhajar yanar gizo ta buɗe ko da babu intanet. Misali: Sabis ya ɗauke, amma saƙonnin jiya suna nan cikin ma'ajiyar wucin gadi.

2. Dabarar yin hakan. Bayanan sabar ba sa isowa nan take, don haka manhaja kan aika buƙata ta ci gaba da aikinta. Wani ƙaramin shiri mai suna Service Worker, wanda ya shigo Chrome a 2015, Safari kuma a 2018, yakan tare buƙatar a hanya, ya miƙa tsohon kwafi, sannan ya nemo sabo a bayan fage. Manyan bayanai a wurin ajiya na IndexedDB ake zuba su, domin wurin ajiya na localStorage kusan megabait 5 kawai yake ɗauka, kuma yana tsayar da shafi yayin da yake aiki.

Ajiyewar ba ta da wuya. Wuyar tana wajen sanin lokacin da kwafi ya tsufa: tsohon hoto ba ya cutar da kowa, amma tsohon farashi ko ragowar kuɗin asusu na iya jawo asara, shi ya sa ya wajaba manhaja ta nuna ranar da ta ɗebo su. Burauza kuma na iya goge ma'ajiyar idan waya ta cika.