Rikicin Gadon da Ya Haifar da Kaldiyawan Iraki

Sunan Kaldiyawa ya girmi Kiristanci nesa ba kusa ba. Ƙabilu ne da suka zauna a fadamun kudancin Iraki, can wajen da kogin Dajla da na Furatu ke gangarawa teku. A zamanin daular da ake jingina musu, Babila ta yi tashe: Sarki Nabopolassar ya haɗa kai da Mediyawa suka rusa Nineba a shekarar 612 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗansa Nebukadnezzar, wanda littattafan Larabawa ke kira Buktanasar, ya ci Ƙudus da yaƙi. A 539 Farisawa suka karɓe Babila, Kaldiyawa kuma suka narke cikin sauran jama'a.

To amma waɗanda ke amsa wannan suna a yau mutanen arewa ne. Ƙauyukansu na filin Nineba, gabas da arewacin Mosul: Alƙosh, Tel Keppe, Batnaya, Tesƙopa, Karamlesh, sai Ankawa a gefen Erbil. A gida suna magana da Sureth, wani reshe na Aramiyanci, a coci kuma suna ibada da tsohon Siriyanci. Yadda sunan kudu ya hau kan mutanen arewa, labari ne na rikicin gado.

Kakanninsu mabiya Cocin Gabas ne, wadda ta bunƙasa a ƙasar Farisa, ta raba gari da Rum tun ƙarni na 5, kuma masu wa'azinta suka kai har Sin a 635. Bayan ɓarnar Timur a ƙarshen ƙarni na 14 ta tsuke, ta koma arewacin Iraki da duwatsun da ke kewaye. A nan shugabancinta ya zama gadon gida ɗaya. Shugaban ba ya aure, don haka kujerar kan sauka daga baffa zuwa ɗan ɗan'uwansa. Mazaunin gidan ya kasance gidan ibadar Rabban Hormizd, wanda aka kafa a ƙarni na 7 a jikin dutsen da ke saman Alƙosh. Ɗakunan masu zuhudu kogunan dutse ne da aka sassaƙa da hannu, wasu ba sa shiguwa sai an sunkuya, kuma a wani lungu na ciki kaburburan shugabannin cocin suke jere, kowane da rubutun Siriyanci a kan allon dutse.

Tura ta kai bango a zamanin Shimun na Bakwai, wanda ya naɗa ɗan ɗan'uwansa mai shekara 12 a matsayin babban bishop, don kada kujera ta bar gida. A 1552 wasu bishop-bishop suka yi tawaye, suka zaɓi shugaban gidan ibadar nan, Yohannan Sulaƙa. Sai dai babu mai matsayin da zai naɗa shi a cikinsu. Saboda haka ya kama hanya ta Ƙudus zuwa Rum, Fafaroma Julius na Uku ya tabbatar da shi a 1553. An shaida wa Rum cewa Shimun ya rasu, alhali yana nan da ransa. Sulaƙa ya dawo ya zauna a Amid, wato Diyarbakir ta Turkiyya a yau, amma bai daɗe ba. Magoya bayan Shimun suka zuga hakimin Amadiya ya kama shi, aka azabtar da shi, aka kashe shi a 1555.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba da mamaki. Magadan Sulaƙa sun ƙaura zuwa duwatsun Hakkari, suka yi nisa da Rum, suka ɓalle daga gare ta a ƙarni na 17, kuma su ma suka mayar da kujerar gadon gida. Daga gare su Cocin Gabas ta Assuriyawa ta yau ta fito. Gidan Alƙosh kuwa, wanda aka yi wa tawayen, shi ne ya ƙare a hannun Fafaroma: a 1830 Rum ta amince da Yohannan Hormizd, ɗan wannan gida, a matsayin shugaban Kaldiyawa, kuma daga kansa aka rufe babin gado.

Shi sunan, Turawa ne suka farfaɗo da shi. Sun daɗe suna kiran Aramiyanci harshen Kaldiyawa, kuma tun 1445 Rum ta sa wa mabiya Cocin Gabas na tsibirin Kubrus da suka koma Katolika wannan suna. Har gobe ana muhawara: wasu na cewa su jikokin Kaldiyawan Babila ne, wasu na cewa su da Assuriyawa jini ɗaya ne, ɗarika ce ta raba su. A ganina tarihin cocin ya fi ƙarfafa magana ta biyu, ko da yake sunan da jama'a suka shafe ƙarnuka suna amsawa ya riga ya zama nasu.

Ƙauyukan Kaldiyawa sun sha wuya. Sarkin Farisa Nadir Shah ya yi musu kaca-kaca a 1743. A kisan gillar 1915 an hallaka Kaldiyawa da dama a yankin Siirt, har da babban bishop ɗinsu, masanin tarihi Addai Scher. A farkon ƙarni na 20 mutanen Tel Keppe suka fara tafiya Detroit ta Amurka, inda kamfanin Ford ya fara biyan dala 5 a rana a 1914. Da yawa ba su daɗe a masana'anta ba, suka buɗe kantunan kayan masarufi. Wanda ya kafu sai ya aika a kawo masa ƙane ko ɗan baffa, ya tsaya masa a kanti har ya tara jarin buɗe nasa.

A Agustan 2014, bayan faɗuwar Mosul, mayaƙan IS suka shiga Tel Keppe da Batnaya da Tesƙopa, mutane suka gudu cikin dare zuwa Ankawa da Dohuk. Alƙosh ba ta faɗa hannunsu ba. Bayan korar mayaƙan, iyalai da dama sun koma Tesƙopa sun gyara gidajensu, amma Kiristocin da suka koma Tel Keppe 'yan ƙalilan ne. 'Yan asalin Tel Keppe da ke Detroit da kewayenta yanzu sun ninka Kiristocin da ke zaune a garin sau da yawa.