Mujallun Senti Goma na Amurka: Daga Kwandon Shara Zuwa Zauren Gwanjo

 Yau za mu haye teku zuwa Amurka, mu duba tarihin wata irin takarda wadda aka buga don a karanta a jefar, sai ga shi yanzu attajirai na rige-rigen mallakarta.

A shekarar 1896 wani mai ɗab'i a birnin New York, Frank Munsey, ya sauya wa mujallarsa mai suna Argosy kama. Ya cire hotuna, ya cika ta da ƙagaggun labarai zalla, shafi 192, ya buga ta a kan takarda mafi arha da ake samu, ya sa mata farashin senti 10. Ita wannan takarda daga itace ake yin ta, a niƙe shi ya zama kamar ƙullu, a shimfiɗa ya bushe. Kalmar da Turawa ke kiran wannan ƙullu da ita, wato "pulp", ita ce ta zama sunan mujallun baki ɗaya. Lissafin Munsey mai sauƙi ne: lebura da ɗan makaranta labari suke so, ba su damu da santsin takarda ba. Lissafin kuwa ya fita, don ba a yi nisa cikin sabon ƙarni ba sai da Argosy ta kai ana buga kwafi rabin miliyan. Ganin haka sauran kamfanoni suka shigo, musamman Street & Smith, kowa ya kama fanninsa. Black Mask ta fito a 1920, ta shahara da labaran 'yan sanda da ɓarayi. Weird Tales ta biyo a 1923 da labaran tsoro da na aljanu, Amazing Stories a 1926 da na ƙagen kimiyya, sannan The Shadow a 1931.

Marubutan ba su ga wani abin kirki ba. Yawanci senti ɗaya ake biya a kan kowace kalma, wasu wuraren ma bai kai ba, saboda haka mai son ciyar da iyali sai ya yi ta zuba kamar famfo. Walter Gibson shi kaɗai ya rubuta fiye da 280 daga cikin labarai 325 na The Shadow. H. P. Lovecraft, wanda labarinsa a cikin Weird Tales ke ƙara mata kuɗi a yau, ya mutu a 1937 cikin talauci.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarancin takarda. Bayansa kuma ƙananan littattafan aljihu da mujallun zane da talabijin suka kwashe masu karatu. A 1949 Street & Smith ya rufe yawancin mujallunsa na wannan nau'i, Weird Tales ta tsaya a 1954 bayan fitowa 279. Kafin 1960 kasuwar ta watse.

Mai karatu zai ce, abin da aka buga miliyoyi, ta yaya zai yi wuyar samu? Dalili na farko shi ne ba wanda ya ɗauke su abin ajiya. Uba ya karanta ya ba ɗa, ɗa ya ba abokinsa, daga nan sai murhu. Lokacin yaƙi an yi ta gangamin tattara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, tulin mujallu suka tafi ta nan. Dalili na biyu yana cikin jikin takardar. Itacen da aka niƙa ba a cire masa wani sinadari da ke riƙe zarensa ba, kuma shi wannan sinadari idan ya haɗu da iska da haske sai ya canja launi, ya haifar da tsami mai cin takardar daga ciki. Da fari za ta yi ruwan madara, ta koma ruwan ƙasa, daga ƙarshe ta yi gautsi har kusurwar shafi ta karye da zarar an lanƙwasa ta. Mu da muka taso muna ganin littattafan malamai a gafaka mun san bambancin. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus, da tsummoki aka yi ta, shi ya sa za ka iske Alƙur'ani rubutun hannu ya haura shekara ɗari da hamsin shafinsa na nan da ƙwari, alhali mujallar 1935 tana zubar da gari a hannun mai riƙe da ita.

Masu tarawa na farko masoya karatu ne, samarin da suka girma da labaran ƙagen kimiyya, suna musanya tsofaffin fitowa ta gidan waya a kan kuɗi kaɗan. A 1972 suka yi babban taronsu na farko mai suna Pulpcon a birnin St. Louis, wanda daga 2009 PulpFest ya gaje shi. Akwai kuma wani da ake yi kowace shekara a kusa da Chicago. A irin waɗannan tarurruka ne aka saba da harshen ciniki, domin wanda ke sayen kaya daga nesa dole a kwatanta masa halin da suke ciki.

Tantance darajar kwafi shi ne inda gardama take, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Matakan da aka saba suna farawa daga lalatacce, su bi ta mai dama-dama da mai kyau, har zuwa wanda ya kusa zama sabo. Littafin farashi na Tim Cottrill, wanda aka fi sani da Bookery, shi ne abin da dillalai da yawa ke dubawa. Amma mujallar nan ko ranar da ta fito daga maɗaba'a ba cikakkiya ba ce. Yawanci ba a datse gefen shafukanta ba, bangon kuma ya ɗan zarce su, don haka tun a hannun mai talla bakinsa ke fara yagewa. Mai tantancewa zai duba bango, ko launinsa ya koɗe. Zai duba ƙashin bayanta, ko ya tsage ko rana ta cinye rubutunsa. Zai ƙirga shafuka, don wani yaro a 1930 ya iya yanke takardar talla ya aika. Zai shinshina, domin warin danshi ba ya ɓuya. Sai ya lura da launin takarda da laushinta, wanda shi ne ke nuna sauran kwanan da ya rage mata.

Daga nan sai aibin da hannun mutum ya jawo. Wani ya ga bakin bango ya tsattsage, sai ya sa reza ya datse shi ya yi sumul. A ido ta fi kyau, a wurin masana kuwa darajarta ta faɗi, tunda an rage mata jiki. Wani ya manna salatif, bayan shekaru mannin ya zama tabo mai ruwan mai. Wani ya ɗauki alƙalami mai launi ya cike inda fenti ya goge. Gyara irin wannan ba laifi ba ne idan an faɗa, kuma gidajen gwanjo na ƙwarai suna rubuta shi a bayanin kaya. Ɓoye shi ne algus, hukuncinsa ɗaya da na mai jiƙa hatsi kafin awo. Malamanmu na fiƙihu sun yi dogon bayani a kan wajabcin bayyana aibin abin sayarwa da haƙƙin mai saye na mayar da shi, kuma abin sha'awa ne ganin kasuwar da ba ta san Risala ba ta iso ga wannan ƙa'ida da kanta.

Asalin kwafi ma yana ƙara masa kuɗi. Wani mai zanen tallace-tallace a Denver, Edgar Church, ya shekara da shekaru yana sayen mujallu yana jibgewa a ɗakin ƙasa na gidansa mai sanyi da bushewa. Da aka fito da tarin a 1977, mafi yawansa mujallun zane ne, amma har da irin waɗannan namu, takardarsu tana nan da haskenta. Har yau kwafin da aka tabbatar daga gidansa ya fito ya fi ɗan'uwansa tsada.

Sarauniyar gwanjon ita ce All-Story ta watan Oktoba 1912, inda labarin Tarzan ya fara fitowa. Marubucinsa, Edgar Rice Burroughs, dala 700 aka biya shi. A 2006 gidan gwanjon Heritage da ke Dallas a jihar Texas ya sayar da kwafi ɗaya a kan dala 59,750, wato tayin dala 50,000 da la'adar da gidan ke ɗora wa mai saye a kai. Haka tsarin yake: a ɗauki hoton kaya, a rubuta darajarsa da aibinsa, a buɗe tayi ta intanet na wasu kwanaki, ranar ƙarshe wanda ya fi tayi a sallama masa. Ba za mu wuce nan ba sai mun faɗi cewa Burroughs bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Afirkar da ya zana daji ce ta birai da mutanen da ya ƙasƙantar, Bature kuma shi ne sarkinta. Wannan hoto ya daɗe a zukatan mutanen Yamma, ya bi ta sinima ya iso har garuruwanmu. Don haka mai son sanin inda wasu ƙarairayi game da mu suka samo tushe yana da buƙatar waɗannan takardu su tsira, ko da ba ya ƙaunar abin da ke cikinsu.

A 'yan shekarun nan kamfanin CGC na jihar Florida, wanda tun 2000 yake tantance mujallun zane, ya fara karɓar waɗannan ma. Ma'aikatansa su duba kwafi, su ba shi maki tsakanin 0.5 da 10, su rufe shi cikin akwatin roba mai garai-garai wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. Masu zuba jari sun yi murna, domin lamba ta fi siffantawa sauƙin ciniki, kuma ta rage ha'inci. Tsofaffin masu tarawa da yawa ba su ji daɗi ba, mu ma ra'ayinmu ya fi karkata gare su. Bango kaɗai ake gani ta cikin roba, alhali shafi fiye da ɗari na labari suna kulle. Sai dai hujjar ɗaya ɓangaren ba ta da rauni: kwafin da ya yi gautsi, duk buɗewa ɗaya tana rage masa wani abu.

Abin da ya sassauta rikicin shi ne aikin masu sa-kai da ke ɗaukar hoton shafuka ɗaya bayan ɗaya suna zubawa a rumbun Internet Archive, inda dubban fitowa suke a buɗe kyauta. Sau da yawa kwafin da ya riga ya lalace, wanda dillali ba zai taya ba, shi ake warwarewa a yi wannan aiki da shi.