Tarihin Injin Sassaƙa Mai Juyawa, Da Dalilin Da Ya Sa Sai Ka Daidaita Shi Kafin Ka Kunna

Yau za mu ɗan ajiye gyaran waya mu leƙa wani inji da ya girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba, wato injin sassaƙar katako mai juyawa, wanda ake fitar da ƙafar kujera mai zagaye da akushi da ƙotar kayan aiki da shi. Idan ka sayi sabo ka kai gida, takardar cikin kwali za ta ce ka daidaita zamansa kafin ka kunna. Da yawa tsallake wurin suke yi. To amma mutane sun shafe shekaru fiye da dubu biyu suna aiki da shi ba tare da wannan damuwar ba. Me ya canza?

Ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan wannan inji yana Masar, a bangon kabarin wani mai suna Petosiris a Tuna el-Gebel, wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutum biyu ne a hoton: ɗaya yana jan igiyar da aka naɗa wa katakon, ɗayan yana riƙe da kurfi yana sassaƙa. Akwai kuma salon da mutum ɗaya ke yi shi kaɗai da baka, irin ta harbi, ya naɗa tsirkiyar a jikin katakon yana turawa yana jawowa. Har yau in ka duba bidiyon kasuwar Marrakesh ta Maroko za ka ga masu wannan aikin a zaune, hannu ɗaya a kan baka, yatsun ƙafa suna taya riƙe kurfi.

A Turai kuwa sanda mai lanƙwasa suka yi amfani da ita. A ɗaura igiya a saman sandar, a naɗa ta a katakon, a ɗaure ƙarshenta a abin takawa. Ka taka, katako ya juyo wajenka ka yanka. Ka ɗaga ƙafa, sanda ta miƙe ta mayar da shi baya. A dazuzzukan Chiltern kusa da garin High Wycombe na Ingila, masu ƙafafun kujera sun ci gaba da aiki haka har cikin ƙarni na 20. A cikin dajin suke kafa injin, kusa da inda aka sare itacen, a kan ƙasa mai tudu da kwari.

Ka lura da abu ɗaya a duk waɗannan: ƙarfin mutum ne ke juya katakon, a hankali, yana zuwa yana komawa. Ko injin ya ɗan karkace, ba abin da zai faru.

Sauyin ya fara ne da juyi mai tafiya gaba ɗaya ba komawa. Wajen shekara ta 1500 Leonardo da Vinci ya zana inji mai abin takawa da babbar ƙafa mai nauyi, kusan irin tsarin keken ɗinki. Daga baya ƙarfe ya maye gurbin katako a jikin injin. Wajen 1800 Henry Maudslay a Landan ya ƙera injin ƙarfe mai yanka zaren noti iri ɗaya sak, kurfinsa yana tafiya a kan gado miƙaƙƙe maimakon a hannun mutum. Na ƙarfe ne nasa, amma tsarin gadon nan shi ne a injin katakon da ka saya: kai mai juyawa a hagu, wutsiya mai zamewa a dama, kowanne da tsini, katako a tsakaninsu. Sai kuma mota ta zo, juyi ya kai dubbai a minti ɗaya.

A nan matsala biyu suka shigo. Ta farko murɗewa. Kana ganin gadon ƙarfe ka ɗauka ba ya lanƙwasa, amma yana yi. Idan ƙafa ɗaya cikin huɗu ba ta taka ƙasa sosai ba, nauyin injin zai murɗa gadon ɗan kaɗan, ido ba zai gani ba, sai tsinin kai da na wutsiya su daina kallon juna. Shi ya sa ni a ganina kalmar daidaitawa tana ɗan ruɗar mutane. Akwai irin wannan inji a cikin manyan jiragen ruwa, jirgi yana tangaɗi, aiki yana fita daidai. Abin da ake gudu shi ne gefe ɗaya na gadon ya karkata dabam da ɗayan. Ma'auni hanya ce kawai ta gano hakan.

Ta biyu jijjiga, kuma wannan duk mai gyaran waya ya san ta. Ka taɓa ganin 'yar motar da ke sa ƙaramar waya jijjiga? Ɗan ƙarfe ne aka maƙala a gefe ɗaya na sandarta da gangan, in ya juya sai wayar duka ta kama rawa. Gungumen da ba ka fara sassaƙawa ba haka yake, gefe ɗaya ya fi nauyi, sai dai shi kilo ake magana. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin fizgar yana ninkuwa sau huɗu ne. Injin da ƙafarsa ke lilo zai iya tafiya a ɗaki, kurfi ya kama, katako ya ƙwace ya nufo fuska.

Shi kansa ma'aunin yana da nasa tarihin. Maginan Masar katako suke haɗawa kamar harafin A su rataya igiya mai nauyi a tsakiya. Mai ruwa da ƙwayar iska da ka sani a hannun magina, wani Bafaranshe ne, Melchisédech Thévenot, ya ƙirƙiro shi wajen 1661. Yanzu kuma yana aljihunka: na'urar da ke juya allon waya in ka kwantar da ita, ita ce manhajojin awon daidaito ke karantawa. A iPhone yana cikin manhajar Measure, a Android akwai su da yawa a Play Store. Sai dai ka cire rigar wayar, kuma ka kula da tudun kyamara, don yana ɗaga ta. Ka auna, ka juya wayar kai ya koma ƙafa a wuri ɗaya, ka sake aunawa. In lambobin sun saɓa, wayar ce ke buƙatar saiti. Ma'aunin magina mai kyau ya fi ta, gaskiya.

To ga yadda za ka yi. Ka zaɓi daɓen siminti, ka goge man da aka shafa wa gadon daga kamfani da ɗan kananzir. Tsayin tsinin ya zo daidai gwiwar hannunka in kana tsaye, in ba haka ba bayanka zai gaya maka. Ka ɗora ma'auni a faɗin gadon kusa da kai, sannan a can ƙarshen wutsiya. Waɗannan biyun su ne masu muhimmanci, dole su nuna abu ɗaya. Awon tsawo yana biye. Ka gyara da notin ƙafa in akwai, in babu ka cusa fallen ƙarfe a ƙarƙashi. Kar ka sa kwali, lotsewa yake yi.

Daga nan ka jawo wutsiya har tsini biyu su kusa haɗuwa, ka kulle ta, ka duba daga sama da kuma daga gefe. In sun saɓa, ka ɗan ɗaga ƙafa ɗaya ta ɓangaren wutsiya ka sake dubawa. In za ka ɗaure injin a ƙasa ko a kan benci, sai bayan wannan, kuma ka sake duba tsinin bayan ka ƙara noti, don ɗauri da kansa yana iya murɗa gado. Ƙaramin inji kuma buhun yashi a ƙasan bencinsa yana rage masa rawa sosai.

Ranar kunnawa ta farko ka sa kariyar fuska, ka juya katakon da hannu ka tabbatar ba ya taɓa komai, ka fara da gudu mafi ƙanƙanta, ka tsaya a gefe. Masu sana'ar suna da lissafi: faɗin katako a inci sau gudu a minti ya tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Wato mai faɗin inci 10 kar ya wuce 900, in bai yi zagaye ba tukuna ka fara ƙasa da 600. Bayan mako biyu ka sake ɗora ma'auni, saboda ƙafafu sukan zauna.