Mun Zauna Bakin Teku Mun Ba Ta Baya

Ƙamshin banda ne abu na farko da nake tunawa a gidanmu na New Bell, cikin Duwala. Hayaƙi da gishiri da man kifi sun kama bangon zauren kakana har sun shiga katakon ƙofa. Kwanduna a jere kusan su taɓa kwanon rufi, kowanne an rufe bakinsa da takardar buhun siminti an ɗaure da igiya. Kakana, Allah ya jiƙansa, ba ya ɗaukar kifin sama. Yakan cusa hannu tsakiyar kwando ya zaro ɗaya, ya lanƙwasa shi kusa da kunne. In ya ji ƙaras sai ya gyaɗa kai. In kifin ya lanƙwasu shiru sai ya dube ni ya ce, "Aboki, wannan bai sha wuta ba. Kafin ya kai Fumban tsutsa ta riga mu." Ya fi shekara arba'in yana wannan sana'a, ya aurar da 'ya'ya da ita, ya je Makka da ita, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa sa ƙafa cikin kwale-kwale ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Ka zaga unguwar Hausawa, ka bi ta Kwango ka ɓulla Kasalafam, ka tambayi dattawan da ke zaune ƙofar masallaci wa ya taɓa ganin inda kogin Wuri ya haɗu da teku. Za ka sha mamaki. Mutane ne da suka san hanyar Ngaundare da Yola da Kano kamar tafin hannunsu, amma ruwan da ke bayan garinsu baƙo ne a gare su. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin halin Bahaushe, ɗan tudu mai tsoron ruwa. Daga baya na ga ba haka ba ne. Muna da Sarkawa, muna da sarakunan ruwa, muna da Argungu da ake bikin su tun 1934, kuma masuntanmu sun cika Tafkin Cadi da madatsar Lagdo. Nisanmu da ruwan Duwala yana da tarihi, kuma da ma'auni aka shata shi.

Ƙasar nan ma daga ruwa ta samo suna. Wajen 1472 jiragen Fotugal suka shigo bakin Wuri, suka tarar da jatan lande ya cika ruwa, suka sa wa kogin suna Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande. Daga nan aka sami Kamaru. Mutanen Duwala da ke gaɓa masunta ne kuma dillalai. Duk hauren giwa ko manjan da zai fita, duk gishiri ko bindigar da za ta shiga, sai ta hannunsu. A watan Yuli na 1884 Sarki Bell da Sarki Akwa suka sa hannu a yarjejeniya da kamfanonin Jamus, Gustav Nachtigal ya zo ya kafa tuta. Wannan Nachtigal ba baƙon ƙasashenmu ba ne, shi ne ya kai wa Shehu Umar na Barno kyautar sarkin Furusiya a Kukawa a 1870. Bayan Jamusawa sun ci Tibati da Garwa da Marwa, hanyar kudu ta buɗe, fatakenmu masu neman goro da hauren giwa da roba suka gangaro har gaɓa, wasu kuma suka zo da kakin soja.

Sai Jamusawa suka ce bakin kogi nasu ne su kaɗai. Suka fito da tsarin tashin mutanen Bell daga tudun Joss, inda Bonanjo take yau, a mayar da su can ciki, a bar filin kilomita ɗaya babu gini tsakanin Bature da baƙar fata, wai don tsoron sauro da cuta. Sabon matsugunin shi ne Neu-Bell. Sarkin mutanen Bell, Rudolf Duala Manga Bell, ya ce yarjejeniyar 1884 ba ta sayar da ƙasa ba, ya kai ƙara har majalisar Jamus. Ranar 8 ga Agusta 1914 aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din. Kafin ƙarshen Satumba na wannan shekara sojojin Ingila da Faransa sun karɓe Duwala. Mutanen Bell ba su taɓa son New Bell ba. Me masunci zai yi da fadamar da babu inda zai ɗaure jirgi? Zamanin Faransa yawancinsu suka koma unguwar Bali. Fili ya zama na baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo, Yarbawa, mutanen Dahome da Togo da Sanagal. Unguwar da aka yanka don a raba mutane da kogi, ita muka gada, kuma muka gaji nisan tare da ita.

Amma kasuwa ba ta san filin kilomita ɗaya ba. Bahaushen New Bell ya kama abin da ya iya: fawa, tsire, goro, tireda, ɗinki, sai kuma banda. Jirgin ƙasa ne ya raya wannan sana'a. Layin Bonaberi ya isa Nkongsamba a 1911, na Yawunde ya kammala a 1927, sannan aka yi gadar Wuri a shekarun 1950 motoci suka huta da jiran fito. Kifin teku da aka busar ya rinƙa hawa tudu zuwa Nkongsamba da Bafusam da Fumban. Da dogo ya kai Ngaundare a 1974 sai abin ya zama hanya biyu: bandar tarwaɗa da ƙarfasa na saukowa daga arewa, bonga da busasshen jatan lande, wanda nan ake ce wa njanga, suna fita daga gaɓa. Zauren kakana ya ga duka biyun, kuma da ido rufe kakana yana bambance su, don hayaƙin itacen arewa daban, na itacen matanda da ke tsiro cikin ruwan gishiri daban, ya fi ja ya fi kauri. Wani abu da ke burge ni har yau: ragar da matan gaɓa ke shanya kifi a kai su hura wuta ƙarƙashi, a Turancin buroka na bakin teku ma banda ake ce mata.

Masu kamun kifin kuwa yawancinsu baƙi ne irinmu. A Manoka da Kap Kamaru da sauran sansanonin da ke cikin matanda, Ijo ne da Ilaje da Ibibiyo daga Najeriya, da mutanen Binin da Gana, tare da 'yan ƙasa. Maza su fita da taru, mata su yi banda. Tsakaninsu da su kakana babu takarda. Kafin lokacin bonga ɗan kasuwa zai ba da kuɗin taru, ko na fetur, wani lokaci na injin sukutum, a riƙa biyansa da kwanduna har bashi ya ƙare. In teku ta hana, a jira baɗi. In jirgi ya kife, sau da yawa bashin ya bi ruwa. Na taɓa jin baffana yana yi wa kakana ƙorafi a kan haka, ya ce, "Baba, mutumin da ba ka san ƙofar gidansa ba za ka damƙa wa wannan kuɗi?" Kakana ya ce, "Shi ma bai san ƙofar gidana ba, yake aiko mini da gumin matarsa."

Sana'ar ta ja baya a idona. Kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi a kwali daga waje ya cika gari, shagunan Congelcam suka bazu unguwa-unguwa, uwar gida ta ga kifin makaro ya fi araha. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin injin da taru. Rikicin Bakasi, wanda kotun duniya ta yanke a 2002 aka miƙa yankin a 2008, ya tarwatsa wasu sansanonin. 'Ya'yan masu banda suka koma sayar da wayar hannu da kayan gyaran babur. Zaurenmu yanzu shagon ɗinki ne.

Ni dai abin ya tsaya mini a rai, har wata shekara a watan Nuwamba, damina ta ɗauke hazo bai sauko ba, muka haɗa kuɗi mu shida 'yan unguwa muka yi shatar kwale-kwale daga Yupwe. Mahaifiyata ba ta so ba. Ta ce, "Ruwan da uban ubanka bai shiga ba, me ka ajiye a ciki?" Ta bi ni da addu'a har ƙofa. Muka yi asuba a bakin gaɓa, muka shiga wani dogon jirgin katako mai injin Yamaha doki arba'in. Matuƙin Ba'ilaje ne, an haife shi a Manoka, bai taɓa ganin Najeriya ba. Yana kiran kowannenmu Alaji.

Daga tashar jiragen Duwala zuwa buɗaɗɗiyar teku kusan kilomita 50 ne. Da farko ruwan ja ne kamar kunun kanwa, matanda hagu da dama, saiwoyinsu a tsaye cikin laka kamar ƙafafun zalɓe. A hankali gaɓa ta ja baya, ruwa ya koma kore, jirgi ya fara hawa da sauka, biyu daga cikinmu suka kwanta suna amai. Da rana ta ɗaga sai ga Dutsen Kamaru a dama, mai tsayin sama da mita 4,000, can gaba kuma wani dutsen tsaye cikin ruwa, shuɗi-shuɗi. Matuƙi ya nuna da haɓa ya ce, "Panya." Haka mutanen gaɓa ke kiran tsibirin Biyoko, wanda dā ake ce wa Fernando Po, inda Malabo take. Na sha jin dattawa suna labarin waɗanda suka tafi ƙwadagon gonakin koko a Panya, ban taɓa zaton ana hango ta da ido daga ruwanmu ba.

Ya kashe injin, ya ɗanɗana ruwan da yatsa, ya dubi inda tsuntsaye ke shawagi, ya ce mu jefa. Ba sanda, igiya ce kawai a naɗe jikin katako, da ƙugiya biyu da dalma, an sa jatan lande. Na fi awa ɗaya ban ji komai ba. Sai igiyar ta yi wani fizgi da ya yanke mini fatar yatsa. Matuƙi ya yi tsawa, "Alaji, kar ka sake, kar ka ja da ƙarfi!" Na riƙa ja ina sassautawa yadda ya ce, har wani kifin bar mai tsawon kamu ɗaya ya faɗo cikin jirgi, cikinsa fari fat yana ƙyalli, yana wani gurnani kamar kwaɗo. Na ci bar ya fi a ƙirga, gasasshe da soyayye, ban taɓa sanin yana da murya ba.

Muna nan wani farin jirgi ya wuce mu da gudu, sandunan fatsa a tsaye bayansa, da kujera ɗaya a kafe a tsakiya. Turawa uku ne ko huɗu a ciki. Matuƙi ya ɗaga hannu, wani saurayi ya ɗago masa daga can. Ƙanensa ne, aiki yake a jirgin. Ya ce irin waɗannan shata suke yi ta yini guda, su nufi zurfi wajen Panya neman barakuda da tuna da babban kifin nan mai baki kamar mashi da suke kira marlin, wanda saboda shi masu kuɗi ke tafiya har tsibirin Principe. Mutum zai yi awa biyu ɗaure a kujera yana kokawa da kifi, in ya kawo shi gefen jirgi a ɗauki hoto a cire ƙugiya a sake shi. Abokan tafiyata suka yi salati. Ni kuwa da yatsana ke zubar jini na gane abin da suke saye da kuɗinsu, don na ɗanɗana kaɗan daga ciki. Abin da na riƙe shi ne, na'urar da ke jirginsu tana nuna zurfi, amma mai cewa a tsaya nan ɗan Manoka ne, da ilimin da ya koya a kwale-kwalen ubansa.

Ba su ne damuwar matuƙinmu ba. Damuwarsa manyan jiragen da ke jan raga a ƙasan ruwa, su shigo da dare inda doka ta keɓe wa ƙananan masunta, su kwashe manya da 'ya'ya, su tsinke tarun talaka su wuce. A Janairun 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da kifin Kamaru kasuwanninta, bisa cewa ba a sa ido yadda ya kamata a kan jiragen da ke ɗauke da tutar ƙasar. Shi bai san wannan ba. Abin da ya sani, inda ubansa ke cika jirgi kafin hantsi, shi yanzu sai ya ƙona fetur ninki biyu.

Da la'asar muka tsaya Manoka. Gidajen katako a kan turaku, hayaƙi ya rufe sansanin har ido na ruwa. Na bi rumfunan banda ina tambaya, ina faɗin sunan kakana da kamanninsa, har aka kai ni wurin wata tsohuwa da ke zaune bakin wuta tana juya bonga da hannu. Idanunta sun yi fari, hayaƙin shekaru ya cinye su. Da ta ji sunan sai ta ajiye kifin. Ta ce injin farko da mijinta ya mallaka kuɗin Alaji ne, shekara uku suna biya, kuma shekarar da jirginsu ya kife bai aiko ko sau ɗaya ba. Ba ta taɓa ganinsa ba, mijinta ne ke kai kaya. Na ce mata ya rasu tuni. Ta yi shiru, sannan ta lalubo hannuna ta shafa, ta ji yankan igiya.

"Ɗana, kai ka shiga ruwa?"

Na ce, "Na shiga, Mama."

Ta sa jikarta ta cika mini ƙaramin kwando, daga na ƙasan raga waɗanda suka fi shan wuta. Na ciro kuɗi ta ture hannuna. Matuƙi yana ta kira daga gaɓa, ruwa ya fara janyewa, in muka ƙara jinkiri sai dai mu kwana a kan laka.