CED: Faifan Bidiyo Mai Allura

CED faifan bidiyo ne na kallo a gida da kamfanin RCA na Amurka ya fitar a 1981, bayan shekara 17 ana bincike a kansa. Kamar garmaho yake aiki: allura ce ke bin layukan faifan tana fito da hoto da sauti. A cikin kwanson roba yake zuwa, don ƙura kaɗan ta isa ta sa hoton tsalle, kuma kowane gefe kimanin minti 60 yake ɗauka.

Sai dai ya makara. Kaset ɗin VHS da Betamax sun riga shi shiga gidaje, ga shi da su ana naɗar shirin talabijin, abin da CED ba ya iyawa.

RCA ya daina ƙera na'urar kunna shi a 1984, faifan kuma a 1986.